Ikilisiyar Baftis a Sakkwato: cin gashin kai ko riƙe igiyar zumunta

A ɗariƙar Baftis babu bishop da zai turo wa ikilisiya fasto. 'Yan ikilisiya ne ke zama bayan sujadar Lahadi, ma'aji ya karanto abin da ya shigo na baiko da zakka, a yi ta muhawara, sannan a ɗaga hannu. Su ke kiran fasto, su ke biyansa, su kuma ke iya sallamarsa. Wannan 'yanci yana da amfani ƙwarai a Sakkwato, domin mazauna unguwar Mabera sun fi hedikwatar Baftis ta ƙasa da ke Ibadan sanin lokacin da ya dace a tashi daga addu'ar dare, da yadda ake zaman lafiya da maƙwabta Musulmi. Aibinsa kuwa, idan masu hannu da shuni biyu suka riƙe asusu, sai fasto ya riƙa tauna wa'azinsa kafin ya furta.

Ɗaya ɓangaren shi ne haɗin kai da Babban Taron Baftis na Najeriya, wanda aka kafa a 1914. Ikilisiyoyi na aika wani kaso na kuɗinsu, da shi ake tallafa wa makarantun tauhidi na Ogbomosho da Kaduna, ake kuma tura masu bishara. Wasu na ƙorafin cewa kuɗin na tafiya kudu ba ya dawowa.

Ni dai na fi karkata ga riƙe wannan igiya. Da yawa cikinmu ma'aikata ne da ake yi wa canjin wurin aiki. Iyali kaɗan in sun tashi, albashin fasto ya girgiza. Kuma lokacin tarzomar Mayun 2022 da ta biyo bayan kisan ɗaliba Deborah Samuel, da aka sa dokar hana fita ta awa 24 a garin nan, ikilisiya guda ita kaɗai ba ta da muryar da za ta kai Abuja.