VirtualSpeech a kan Meta Quest: yana rage tsoron magana a gaban jama'a?

VirtualSpeech manhaja ce ta wani kamfani a Ingila, tana aiki da Meta Quest, wato na'ura mai kama da tabarau da ake sawa a fuska, mai nuna hoton kwamfuta kamar kana cikinsa. Da ka saka tabaran sai ka ga kanka a ɗakin taro ko babban zaure, jama'a sun zuba maka ido. Kana iya ɗora shafukan jawabinka su fito a allo, in ka gama ta nuna maka saurin maganarka da yadda ka raba kallo.

Ƙarfinta shi ne jiki yana ɗaukar abin da gaske. Ka san mutanen zane ne, amma gaba na faɗuwa, tafin hannu na gumi. A 2013 masaniyar halayyar ɗan Adam Page Anderson da abokan aikinta a Amurka sun gwada irin wannan atisaye na tabarau a matsayin maganin tsoro, sakamakon ya yi daidai da na masu atisaye a gaban mutane na zahiri. Sai dai can da ƙwararren likitan halayya aka yi, zama takwas. Nan kuwa kai ne za ka tsara wa kanka.

A fara da ƙaramin ɗaki da jawabin minti 3. Kafin ka buɗe baki, auna tsoronka daga 0 zuwa 100, ka yi ta maimaitawa a ɗakin nan har lambar ta sauko kusan rabi, sannan ka shiga zaure. Minti 20 ya isa zama ɗaya. Abin da ya fi ɓata aikin shi ne cire tabarau daidai lokacin da tsoro ya kai maƙura, domin ƙwaƙwalwa za ta ɗauka gudun ne ya cece ta, gobe tsoron ya dawo da ƙarfinsa. Kafe ido a kan allo ma gudu ne a fakaice. Makin da manhajar ke bayarwa kuwa, gara mai tsoro ya ƙyale shi a makon farko, yana ƙara sa shi tsargar kansa.

Tabaran samfurin Quest 2 ya kai rabin kilo, batirinsa awa 2 zuwa 3, gumi kuma yana sa gilashin hazo. In ido ya gaji ko jiri ya taso, a gyara tazarar gilasan: milimita 58, 63 ko 68.

Manhajar ta cancanci kuɗinta ga ɗalibi mai shirin kare digiri ko ma'aikaci mai gabatar da rahoto, muddin bayan kowane mako zai tara mutum uku ko huɗu ya yi musu jawabin ba tabarau. Wanda tsoron ya riga ya hana shi aiki ko karatu, ya fara da ganin likita.