Kayan kallon kifi da tsuntsaye a tafki: wanne za ka saya?

Mai son kallon kifi a tafki ba gudu yake nema ba. Burinsa ya kwanta lamo a saman ruwa, fuska a ƙasa, har kifaye su saba da shi su ci gaba da kiwonsu. Da wannan ma'auni za ka auna duk abin da aka miƙo maka.

Fara da tabaran ruwa, a nan ya kamata kuɗinka ya fi yawa. Iri biyu ne: wanda ke rufe ido da hanci kaɗai, da wanda ke rufe fuska gaba ɗaya. Na biyun yana da jan hankali, domin kana numfashi ta hanci yadda ka saba, kana kuma gani da faɗi. Sai dai in ƙirarsa ba ta da kyau, iskar da ka fitar takan taru a ciki ka riƙa sake shaƙarta, ga shi ba ka iya matse hanci ka daidaita matsin da kunne ke ji idan ka nutsa. Ni dai na farkon na fi ba da shawara. Nemi mai gilashin da aka gasa don ƙarfi, ba na roba ba, wanda ke saurin karcewa. Gefensa ya zama na silikon, wato wata irin roba mai laushi. Kafin ka biya, ɗora shi a fuska ba tare da ɗaura igiyar ba, ka ja iska kaɗan ta hanci. In ya manne bai faɗo ba, naka ne. In ka ji iska na shiga ta gefe, ajiye shi komai sunan kamfaninsa. Baƙin gefe yana tare hasken da ke shigowa ta gefe, sai ka ga sawun katantanwa a kan laka sarai. Mai garai-garai kuwa ya fi wa wanda duhu ke sa wa fargaba. Ka sani kuma, ta cikin gilashi abu yakan ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Bututun numfashi ba ya buƙatar dogon bincike. Mai murfin da ke rufe kansa in ruwa ya hau an yi shi ne saboda igiyar ruwa, tafki kuwa galibi a kwance yake. Mai sauƙi, wanda bai wuce santimita 40 ba, ya wadatar.

A takalmin iyo, wato mai faɗi kamar ƙafar agwagwa, mutane ke yawan kuskure. Dogo yana ba da gudu, amma bugu ɗaya kusa da ƙasa zai tayar da laka, ruwa ya gurɓace, kifi ya watse. Gajere mai laushi ya fi, kuma ba ya sarƙewa cikin ciyawar ruwa.

Rigar roba fa? Ruwan tafki bai kai na teku ɗaga jiki ba, tunda lita ɗaya ta ruwan gishiri ta fi nauyi da kusan giram 25. Ruwa kuma yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba, mai kwanciya shiru shi ke fara rawar ɗari. Riga mai kaurin milimita 3 tana maganin duka biyun. Zaɓi mai duhun launi, sannan ka ja balan-balan mai launin ruwan lemo a bayanka don masu kwalekwale su hango ka.

Tsuntsaye kuwa, tabaranka ba zai nuna maka su da kyau ba in ka ɗago kai, saboda ɗigon ruwa. Zalɓe da agwagwar ruwa sukan ƙyale wanda kansa kaɗai ke waje ya matso, amma kada ka kusanci sheƙa cikin ciyayi. Don kallo daga gaɓa, madubin hangen nesa mai lamba 8x42 wanda ruwa ba ya shigarsa ya isa.

Abu ɗaya ne babu rigar da za ka dogara da ita a kansa: tsargiya, wadda ƙwayarta ke fitowa daga katantanwa ta ratsa fata. Tambayi ma'aikatan lafiya halin tafkin tun kafin ka sayi komai.