Maganin zubewar gashi: wanne ya cancanci kuɗinka?

Kan mai lafiya yana zubar da silin gashi 50 zuwa 100 a kullum, saboda haka 'yan silallan da ke maƙale a mataji ba abin tayar da hankali ba ne. Idan ya wuce haka, a fara neman dalili kafin a nufi kantin magani.

Gashin da ya soma zuba wata biyu zuwa uku bayan haihuwa, ko zazzaɓi mai tsanani, ko tiyata, yawanci da kansa yake dawowa cikin watanni. Ƙarancin sinadarin ayon da matsalar tairod, wato wata halitta da ke gaban wuya, su ma suna zubar da gashi, kuma gwajin jini ne ke tona su. Makero maganin sha yake buƙata, shafe-shafe ba ya kashe shi. Idan kuma gaban goshi ne ke ja da baya saboda kitso mai tsauri, a sassauta tun saiwar ba ta mutu ba.

Sanƙon gado shi ne inda ake zuba kuɗi. Minoksidil, wanda ake sayarwa da sunan Regaine ko Rogaine, shafa shi ake yi, mai ƙarfin kashi 2 ko 5 cikin ɗari, maza da mata duk suna amfani da shi. Sai an yi wata uku zuwa shida kafin a ga canji, kuma a makonnin farko zubar takan ƙaru, nan ne da yawa ke jefar da kwalbar. Ka daina, abin da ya tsiro ya sake zubewa. Wato ba kwalba ɗaya za ka saya ba, lissafin shekaru za ka yi.

Finasterayid, ƙwayar miligiram 1, ta fi shi riƙe gashin maza, domin tana rage sinadarin da ke tsuke saiwar. Sai da takardar likita. Wasu takan rage musu sha'awa, kuma mai juna biyu ko ɓallin ƙwayar kada ta taɓa.

Dashen gashi ya fi daɗewa, ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma daga ƙeyarka ake ɗebo shi. Ƙeyar da ba ta da yalwa ba ta da abin bayarwa.

Mayukan gashi suna rage karyewa, amma ba sa sa gashi ya tsiro a sanƙo, komai kyawun hoton da ke jikin kwali. Ƙwayar bayotin, wani nau'in bitamin, ni dai ba na ganin amfaninta ga wanda jikinsa bai rasa ta ba, tana ma iya rikita sakamakon gwajin tairod. Mai shanta ya faɗa wa likita kafin a ɗebi jininsa.