Shagon baƙin mai na Agege da ya raba ni da turin mota a Jos

Hiace gare ni, tsohuwa mai injin gas, wato dizal, ina jigila da ita tsakanin Mile 12 da Jos. A nan Legas ko da asuba na murɗa maƙulli sai ta amsa. Amma a hunturun bara, cikin Disamba, na kwana a Bukuru kusa da Jos, gari ya waye ta ce ba ta san zancen ba. Sai gurnani da farin hayaƙi, har batir ya mutu, yaran tasha huɗu suka tura ni.

Da na dawo, wani abokin aiki ya kai ni wani ɗan shago a Agege, kusa da layin dogo. Mai shagon dattijo ne Bakano. Na ce a ba ni galan ɗin baƙin man da na saba, mai lamba SAE 40. Bai miƙo ba, sai ya ce, "Direba, ina da ina kake zuwa?" Da na ambaci Jos ya yi dariya. "Wannan man na zafin Legas ne. Can kan dutse, idan sanyi ya buge shi, kauri yake yi kamar zuma, injin ya yi ta fama kafin ya juya."

Ya ɗauko 15W-40 ya nuna mini da yatsa. Lambar da ke kafin W, wato 15, ita ce ke nuna yadda man ke gudana cikin sanyi, ƙaramar lamba ta fi saurin zagaya injin. Ita kuma 40 kaurinsa ce bayan injin ya ɗau zafi. Ya ce in riƙa duba alamar ingancin mai ta API mai farawa da C, irin su CI-4, don ita ce ta injin gas.

Abin da ya fi burge ni, bai tsaya kan cinikinsa ba. Ya sa yaronsa ya kwance hita huɗun motar, masu ɗumama cikin injin kafin ya tashi, ya gwada su da batir ɗaya bayan ɗaya. Biyu suka yi ja kamar garwashi, biyu ko ɗumi. Ashe da rabin hita nake yawo! Injin gas ba ya amfani da tartsatsin fulogi, zafin matsewar iska ne ke kunna gas ɗin, shi ya sa sanyi ke kayar da shi. Ya ce, "Ka murɗa maƙulli rabi, ka jira fitilar nan mai kama da naɗaɗɗiyar waya ta mutu, sannan ka tayar. Kuma ban da taka totur tana tashi."

Kayansa sun fi na bakin titi tsada, kuma ba ya ragi ko na sisi. Wurin ajiye mota ma babu, sai da na yi ta cacar baki da 'yan keke. Ranar Juma'a kuwa kada ka je bayan sha biyu, a rufe za ka tarar.

A Janairu na sake kwana a Bukuru, raɓa ta jiƙa gilashi. Na jira fitilar ta mutu, murɗa ɗaya ta tashi.