Gambar da na saya wajen mai shuke-shuke: tushe ya yi, iri kam a'a

Bara da farkon damina na je wajen wani mai sayar da dashe a bakin titi nan Zariya, ina neman abin da zan zagaye ɗan lambuna na bayan gida da shi, inda na sa zogale da yakuwa da riɗi saboda amya biyu da nake da su. Sai dattijon ya ce Alhaji ka sa gamba mana, ciyawar gida ce, ba ruwanta da ban ruwa. Na sayi iri leda ɗaya, na kuma sayi tushe guda goma da ya farfasa daga babban gindi.

Irin nan wallahi bai yi min ba. Kun san irin gamba ga gashi ga rashin nauyi, na watsa iska ta kwashe rabi, sauran kuma tsiron bai fi a ƙirga da yatsu ba, kuma dattijon bai faɗa min in rufe shi da 'yar ƙasa in danne ba, nan ne kawai na ga laifinsa. Amma tushen, masha Allah! Tara suka kama, kafin watan Oktoba sun fi ni tsawo, kowanne ya yi cunkus a gindinsa, bai yaɗu ya shige cikin yakuwata ba.

Kada wani ya ce maka ƙudan zuma zai sha wani abu a gamba, iska ce ke ɗaukar mata garin fure, ba ta da ruwan zaƙi. Aikinta tare iska. Da hunturu ya kankama furen zogalena bai zube kamar da ba, da hantsi za ka ji zuma na ta kuka a kai, malam-buɗe-littafi kuma na laɓewa a gefen da iska ba ta bugawa. Da rani ta bushe ƙamas, na yanke na ba mai saƙar zana, ruwan farko na sauka sai ga toho kore shar daga gindin.

Wuta dai nake jin tsoro. A arewacin Ostireliya da aka kai ta don kiwo ta zame musu bala'i saboda gobara, har suka hana shuka ta. Don haka ku yanke ta da zarar ta bushe, kuma kar ku dasa kusa da madafi. Bana tushe ashirin zan ƙara a wajen dattijon, iri kam na haƙura.