Allon rubutu na LCD: abin da na gani bayan wata 6

Tsadar littafin rubutu ce ta sa na saya wa 'yata allon nan mai inci 8.5, wanda ake rubutu a kai da ɗan tsinken roba, a latsa maɓalli ya goge. Mai shago ya ce mini, "Alhaji, kwamfutar yara ce." Ba kwamfuta ba ce. Ba ya ajiye komai, ba ya haɗuwa da waya, kuma gara mai saye ya san haka tun kafin ya zaro kuɗi.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne rubutun ba ya cin batir. Tsakanin leda biyu aka shimfiɗa wani sinadari da ake kira kiristal mai ruwa-ruwa, wanda daga sunansa na Turanci aka samo LCD: yana gudana kamar ruwa, amma ƙwayoyinsa suna jera kansu da kansu, a murɗe kamar igiya. Idan ka danna tsinke, ƙwayoyin wurin sai su kwanta a jere, su maido da koren haske zuwa idonka. Haka za su zauna ko da wata guda ne. Sai ka latsa maɓalli ɗan lantarki ya wargaza jerin, baƙin da ke ƙasa ya sake bayyana. Shi ya sa ƙaramin batir irin na agogo da ya zo da shi har yau bai mutu ba, duk da yarinyar tana gogewa kamar ana biyanta.

Wai duk wannan daga wani masanin tsirrai ɗan Ostiriya ya faro, Friedrich Reinitzer, wanda a 1888 ya lura wani sinadari daga dangin kolestirol, wato wani nau'in maiƙo da ke jikin mutum da dabbobi, yana narkewa sau biyu: ya fara zama ruwa mai gurɓi a wajen digiri 145 na ma'aunin Salshiyas, sannan ya washe a wajen 178, kuma wannan ruwa mai gurɓi shi ne kiristal mai ruwa-ruwa. Kamfanin Kent Displays na jihar Ohayo a Amurka ne ya fito da irin allon a 2010 da sunan Boogie Board. Nawa dai kwaikwayo ne, ko suna babu a jikinsa.

Yanzu ga inda ya gaza. Ba a goge harafi ɗaya. Yarinya ta yi layi 5 na lissafi, ta kuskure a na ƙarshe, sai dai ta soke ko ta rasa duka. Allon katako na makarantar allo ya fi shi a nan, don ko da yatsa da ɗan ruwa ka gyara wasali. Akwai makulli a baya mai hana gogewa, amma ƙaninta ya gano shi a kwana biyu, an sha kuka. Sannan ba shi da hasken kansa. Da magariba, in an ɗauke wuta, sai an haska fitila. Ko farce ko gwiwar hannu ya taɓa shi sai ya bar tabo, kuma layin yana yin kauri in an danna da ƙarfi, don haka ban ga yana gyara wa yaro hannu ba.

Ga jagwalgwalo da gwajin lissafi kuwa, ya biya kuɗinsa. Na sayo na biyu, yana rataye a kicin, uwargida tana rubuta cefane, ni kuma in ɗauki hotonsa da waya kafin in fita.