Na kai kaset ɗin Inna wani sutudiyo a Zongo, ga yadda muka kwashe

Salamu alaikum jama'a. Tun watan jiya ake tambayata ina na kai tsofaffin kaset ɗin gidanmu har aka juye mini su cikin salula, to bari in faɗa sau guda kowa ya ji, da mai daɗin da mara daɗin. Ɗan sutudiyo ne nan Zongo, ɗaki guda, an lulluɓe bangon da kwalin ƙwai da tsofaffin barguna, kwamfuta ɗaya, rikoda ta kaset guda biyu, baful wato lasifika huɗu. Ba zan sa sunan wurin ba tunda akwai inda zan yi ƙorafi kuma ban son in taɓa wa yaro sana'arsa.

Kaset bakwai na kai. Lokacin da Baba yake ci-rani a Libiya cikin shekarun 1980 ba takarda ake rubuta masa ba, Inna ce take zama gaban rikoda ta yi ta magana, ta ba shi labarin gero da na yara da wanda ya rasu da wadda ta haihu, sai a ba matafiyi ya kai. Baba ya adana su duka ya dawo da su. Inna ta rasu bara, Allah ya jiƙanta, shi ya sa na ce kafin zaren ya gama lalacewa gara in ceto muryar.

Abin da na ce wa yaron sutudiyon a farko ɗaya ne, ka cire mini duk wata ƙara ka bar muryar Inna tsaf. Sai ya miƙo mini kask, abin saurare na sawa a kunne, ya ce "Yaya, kafin in goge komai sa wannan ka rufe ido." Wallahi ina sawa sai ga tsakar gidanmu na Birni. Ga lugude mata biyu suna yi can baya, ga zakara, ga ɗan garuwa yana kira a ƙofa, ga jaki, a kaset na uku har yayyafi ya fara sauka kan kwano Inna ta ce a kwashe shanya sannan ta ci gaba da maganarta. Ya ce "Yaya wannan ba datti ba ne fa, gidanku ne." Duk da haka ya yi mini iri biyu don in gwada da kunnena. Wadda aka wanke ɗin shuuu ɗin kaset ya tafi amma muryar ta sirance kamar mai magana cikin randa, ya yi mini bayani cewa manhajar, Audacity yake aiki da ita, tana ɗaukar samfurin ƙarar ne ta bi ta zare irinta ko'ina, to muryar mutum ma tana da rabo cikin wannan sautin, in ka matsa hannu da yawa har da ita za a kwashe. Na zaɓi wadda aka taɓa kaɗan kawai.

Daga nan hira ta ɓarke, don yaron ya taɓa aikin montaj, wato yanka da haɗa sauti, a wata radiyo kuma ya karanci abin sosai. Shi ya fara ba ni labarin Piyer Shafer, injiniyan gidan radiyon Faransa da a 1948 ya je ya ɗauko ƙarar jiragen ƙasa a Faris ya harhaɗa ta aka watsa a matsayin kiɗa, ba ganga ba goge ba mawaƙi. A lokacin ma ba su fara aiki da zaren kaset ba, kan faifan garmaho yake yanka layi ya rufe shi ya zama zobe, allura ta yi ta zagaya wuri guda sautin yana maimaita kansa. Wannan maimaicin da yaranmu ke dannawa yau cikin daƙiƙa guda in za su haɗa kiɗan biki, da wahala haka aka fara shi. A 1958 Shafer ya kafa ƙungiyar bincike da ake kira GRM wadda har yanzu tana nan tana aiki. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mutumin nan ɗaya shi ya kafa SORAFOM a 1955, hukumar da ta dinga buɗe gidajen radiyo a ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka tana horar da ma'aikatansu, kuma ƙarƙashinta aka buɗe Radiyo Nijar a 1958 wadda ta zama Muryar Sahel. Ashe abin bai yi nisa da mu ba kamar yadda na zata.

Kuma yaron ya ce kar in ɗauka Turawa ne kaɗai. Shekara huɗu kafin Shafer, a 1944, wani ɗalibi ɗan Misira Halim El-Dab ya aro na'urar ɗaukar murya mai aiki da siririyar waya ya ɗauki waƙar mata a wajen zar a Alƙahira, wato abin da ya yi kusa da bori a nan, ya koma sutudiyo ya yi ta sarrafa ta da amsa-kuwwa har kalmomin suka narke sai amon ya rage.

Yaron ya gwada mini abu guda da ba zan manta ba. Yana da sautin ƙarfen nan na tayar mota da ake bugawa a lakwal in za a tashi yara, sai ya yanke farkonsa, daidai inda sandar ta daki ƙarfen, ya bar jelar. Na rantse da ban ga yankan ba da na ce busa ce daga nesa, kamar algaita can wajen fada. Ya ce da ƙararrawa Shafer ya gano haka, kunne da farkon sauti yake gane mai shi, in ka cire kan sai sautin ya zama baƙo.

To a nan ne muka ɗan saɓa. Ya roƙi izini ya haɗa wani abu da kaset ɗin, na yarda. Ya ɗauki luguden ya mai da shi zobe, ya rage masa gudu har taɓaryar ta koma kamar tambari, ya shimfiɗa yayyafin a ƙasa, duk wannan ya yi kyau ƙwarai. Amma sai ya ɗauki kalma guda ta Inna ya ja ta ta yi tsawo kamar iska. Jikina ya yi sanyi, na ce a'a ƙanena, turmi da jaki ka yi yadda kake so da su, muryar mahaifiyata ka bar ta yadda Allah ya yi ta. Bai yi gardama ba ko kaɗan ya mayar, kuma wannan ya ƙara masa daraja a idona. Abin ya fito minti 6. Ya kashe fitila ya sa shi a baful huɗun nan, kowane lungu da nasa, turmi ta hagu, ruwa ta baya, Inna a gaba. Ya ce a Faransa tun 1974 suke da jerin baful masu yawa da ake zama a saurara ba kowa kan dandamali, kuma a Legas akwai Emeka Ogbo da ke ɗaukar hayaniyar tasha da kiran kwandastoci ya kai ɗakunan baje koli har Turai. Na ce ai mu saurare ba ganin mai magana mun tashi da shi, kiran assalatu cikin duhu, muryar mata daga bayan katanga, da wasiƙar Inna kanta.

Yanzu ƙorafi. Ya ce kwana 3, sai da na yi kwana 9 ina biyan kabu-kabu. Ba shi da gurup wato janareta, ba shi da batir na ajiya, ranar da wuta ta ɗauke aikin awa biyu ya tafi a banza sai da aka sake daga farko. Ɗakin zafi kamar tanda don dole a kashe fanka in ana saurare. Mafi ciwo, rikodarsa guda ta tauna mini zaren kaset na biyar, ya buɗe ya liƙa da hannu cikin natsuwa amma daƙiƙu kaɗan sun tafi, daidai inda Inna take lissafa sunayenmu, ta ambaci yayata da ni sai tsit, sunan autanmu ya faɗa cikin ramin. Ya ba ni haƙuri kuma bai karɓi kuɗin wannan ba.

Kuɗi jika biyu kowane kaset, haɗin minti shidan jika biyar, ban ga tsada ba in aka duba zaman da ya yi a kai. Wanda zai je ya tafi da kile ɗinsa, wato filas, ko katin memuwar, ya ce a ba shi asalin da ba a taɓa ba tare da wanda aka gyara, kuma ya nace a fara gwada rikodar da wani kaset da ba a damu da shi ba. Akwai sauran kaset huɗu a adakar gwaggona a Mirya, ranar Lahadi in Allah ya yarda zan ɗauko su, kuma wurinsa zan kai.